Taswirar masu lasisin bindiga a New York: nazarin yadda bayanin da ke a fili ya zama barazana

A ranar 14 ga Disambar 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook da ke garin Newtown a jihar Connecticut ta Amurka, ya harbe yara 20 da manya 6. Ƙasar ta ɗau zafi, babu abin da ake tattaunawa sai maganar mallakar bindiga. Mako guda da 'yan kwanaki bayan haka, daf da Kirsimeti, jaridar The Journal News, wadda ake karantawa a garuruwan da ke arewa da birnin New York, ta saka wata taswira a shafinta na intanet. Taswirar cike take da ɗige-ɗige, kowane ɗigo gidan wani ne. Idan ka latsa shi, sai sunan mai lasisin riƙe ƙaramar bindiga ya fito tare da adireshinsa. Mutum sama da 33,000 abin ya shafa a gundumomi biyu, Westchester da Rockland.

Babu wanda ya yi kutse a kwamfutar kowa, babu wanda ya saci takarda. Sashe na 400.00 na dokar manyan laifuffuka ta jihar New York ya faɗa ƙarara a lokacin cewa suna da adireshin duk wanda aka bai wa lasisi bayani ne na jama'a. Jaridar ta rubuta wa ofisoshin magatakardan gundumomi tana neman jerin sunayen a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta jihar. Westchester da Rockland suka bayar, gunduma ta uku, Putnam, ta ƙi. Da aka taso wa jaridar, hujjarta ɗaya ce kuma gaskiya ce: bayanan nan a buɗe suke ga kowa tun fil azal, kuma mutane suna da haƙƙin sanin ko akwai makami a unguwarsu. Tambayar da wannan lamari ke yi mana ita ce, idan har bayanin a fili yake, me jaridar ta ƙara masa da ya sa ya zama wani abu dabam?

Abin da ya canza tsakanin ofishin magatakarda da taswira

Aikin haɗa irin wannan taswira ba shi da wuya. Ana karɓar jerin sunaye da adireshi a jadawali. Ana zuba adireshin a wata manhaja da ke mayar da kowanne zuwa lambobi biyu na matsayinsa a doron ƙasa. Ana ɗora lambobin a kan taswira irin ta Google, kowanne ya zama ɗigo. Daga nan a liƙa wa kowane ɗigo sunan da ke layinsa a jadawalin. Wanda ya iya zai gama a yini guda. Babu sabon bayani ko ɗaya da aka ƙirƙiro a waɗannan matakai, amma a tsakiyarsu ne aka juya alƙiblar tambayar gaba ɗaya.

Kafin taswirar, wanda ke son sanin wani abu daga wannan rajista sai ya san cewa akwai ta, ya san ofishin da ke riƙe da ita, ya rubuta takardar nema da sunansa, ya jira amsa. Yawanci kuma yana da mutum ɗaya a ransa: shin wane yana da lasisi? Wannan wahalar ita ce katangar da ke kare mutane, ko da yake ba a rubuta ta a doka ba. Tana tace masu nema, domin mai son kallo kawai ba zai ɓata lokacinsa ba, mai mugun nufi kuma ba ya son barin sunansa a fayil ɗin hukuma. Bayan taswirar, ba ka buƙatar sanin kowa. Daga wuri kake farawa: waɗanne gidaje ne a kan wannan layi ke da lasisi? Amsar tana zuwa da tagwayenta, domin gidajen da babu ɗigo a kansu su ma an nuna su. Shi ya sa ƙorafin ya zo daga ɓangarori biyu da ba su saba haɗuwa ba. Masu bindiga suna cewa an nuna wa ɓarayi inda za su sami makamin sata, marasa bindiga suna cewa an nuna wa ɓarayi inda ba za su gamu da turjiya ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta gane wannan bambanci tun 1989, a ƙarar da ke tsakanin Ma'aikatar Shari'a da kwamitin 'yan jarida masu kare 'yancin aikin jarida. 'Yan jarida sun nemi hukumar FBI ta ba su taƙaitaccen tarihin laifuffukan wani mutum, suna cewa ai kowane kamu da kowane hukunci yana nan a rubuce a wata kotu ko wani ofishin 'yan sanda. Kotun ta ƙi. Mai shari'a John Paul Stevens ya bayyana cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin bayanan da sai an bi kotuna da ofisoshi ɗaya bayan ɗaya ana tono su, da bayanan da aka tattara wuri guda a kwamfuta. Hukuncin ya shafi abin da gwamnatin tarayya za ta saki ne, bai ɗaure hannun jaridar The Journal News ba, kuma babu wata doka da jaridar ta karya. Amma dalilin da ke cikinsa shi ne ainihin abin da editocin suka tsallake.

A shekarar 1989 ɗin nan dai aka kashe 'yar wasan kwaikwayo Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles. Wanda ya kashe ta ya biya wani mai bincike mai zaman kansa, shi kuma ya samo adireshinta daga hukumar rajistar motoci ta California, inda a lokacin ake bai wa mai nema. Wannan na cikin abin da ya sa majalisar tarayya ta yi dokar kare sirrin direbobi a 1994. Lambar mota tana nan kowa na gani a titi, ba a ɓoye ta ba. Abin da aka rufe shi ne gadar da ke haɗa lambar da suna da gida.

Inda taswirar ta kuskure

Matsala ta farko, wadda ba a cika ambata ba, ita ce taswirar ba ta amsa tambayar da aka ce don ita aka yi ta. A wajen birnin New York, a wancan lokaci, ƙananan bindigogi ne kawai ke buƙatar lasisi. Dogayen bindigogi, irin na farauta da makamantansu, ba sa cikin rajistar sam. Doguwar bindiga ce kuwa aka kashe yaran Sandy Hook da ita. Uwar da ta buɗe taswirar don ta san ko akwai makami a gidan da ɗanta ke zuwa wasa za ta iya ganin babu ɗigo ta kwantar da hankalinta, alhali akwai dogayen bindigogi uku a gidan. Haka kuma lasisi ba bindiga ba ne. Jaridar da kanta ta rubuta cewa kasancewar mutum a taswirar ba ya nufin yana da makami, izinin mallaka kawai yake da shi. Sai dai mai kallon ɗigo a kan rufin maƙwabcinsa ba ya karanta ƙananan rubutun da ke gefe.

Ta biyu, rajista irin wannan tana tsufa. Mutane suna ƙaura, suna sayar da bindiga, suna mutuwa, ba kowa ke komawa ofis ya gyara ba. Muddin takardar tana cikin fayil, tsufanta ba ya cutar da kowa. Ranar da aka mayar da tsohon adireshi ɗigo, sai ya sauka a kan wanda ya sayi gidan daga baya, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba shi da wata takarda a hukuma da zai je ya gyara. Manhajar da ke mayar da adireshi zuwa matsayi ita ma tana da nata kuskuren: idan ba ta gane lambar gida ba, takan ajiye ɗigon a tsakiyar titi, ko a wani titi mai suna iri ɗaya a wani gari.

Ta uku ita ce mafi nauyi. A cikin mutum dubu talatin da wani abu, dole akwai waɗanda dalilin neman lasisinsu shi ne tsoron wani takamaiman mutum. Akwai matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta ta koma wani gari. Akwai 'yan sanda masu ci da masu ritaya, alƙalai, masu gabatar da ƙara, shaidun da suka tsaya a kotu. Shugaban 'yan sandan gundumar Rockland, Louis Falco, ya bayyana a watan Janairun 2013 cewa fursunoni sun fara gaya wa gandurobobi cewa sun san inda gidajensu suke. Jadawalin da jaridar ta karɓa ba shi da wani layi da ke nuna wa ke cikin haɗari, don haka ba yadda za a yi ta tsame su. A ganinmu wannan kaɗai ya isa ya hana sakin adireshi. Idan ba ka da hanyar gane mutum ɗari da bayanin zai iya jawo wa kisa a cikin dubu talatin, to dukansu za ka ɗauka a matsayin waɗannan ɗarin.

Sai kuma lokacin da aka zaɓa. Jerin sunaye ba ya zuwa shi kaɗai, yana ɗaukar launin abin da ke kewaye da shi. Mutanen nan sun ba da sunansu da adireshinsu ne ga hukuma don a tantance su, sun bi doka ke nan. Fito da su a taswira ana cikin makokin yara 20, a irin fasalin da Amurkawa suka saba ganin rajistar masu laifin fyaɗe, ya sa kowane ɗigo ya zama kamar tuhuma, ko da babu kalma ɗaya ta zargi a rubutun. Farfesa Helen Nissenbaum, masaniyar harkar sirrin bayanai, ta daɗe tana bayanin wannan: kowane bayani yana tafiya ne da ƙa'idojin wurin da aka bayar da shi, kuma cutarwa tana faruwa ne idan aka ɗauke shi zuwa wurin da ƙa'idojin suka bambanta.

Martanin da ya biyo baya ya yi amfani da hujjar jaridar tsaf. Wani mai rubutu a intanet ya tattara sunayen editoci da ma'aikatan jaridar, da adireshin gidajensu da lambobin wayarsu, ya wallafa, wasu suka yi ta ƙarawa. Su ma bayanan ba satar su aka yi ba. Barazana ta yi yawa, aka aika wa ofishin ambulan ɗauke da farar hoda, har jaridar ta ɗauko masu gadi riƙe da bindigogi. Cikin waɗanda aka fallasa akwai ma'aikatan da ba su da hannu a taswirar ko kaɗan. Wannan ramuwa ta fi ta jaridar muni ta fuska ɗaya, domin da niyyar tsoratarwa aka yi ta.

Abin da ya kamata a yi da jadawalin

Labarin da ke cikin bayanan na gaske ne, kuma ana iya bayar da shi ba tare da gidan kowa ba. Matakin farko shi ne a rubuta tambayar da ake son amsawa a jimla ɗaya, sannan a bi layukan jadawalin ɗaya bayan ɗaya ana tambaya ko amsar na buƙatarsa. Idan tambayar ita ce ina lasisi ya fi yawa, to suna ba shi da aiki, lambar gida ba ta da aiki, sunan titi ma ba shi da aiki. Abin da ake buƙata shi ne adadi a kowane gari ko yankin gidan waya, a raba shi da yawan mazauna, a fitar da lasisi nawa ne a cikin kowane mutum dubu. Wannan ya fi ɗige-ɗige faɗin gaskiya ma, domin taswirar ɗigo kullum tana nuna cunkoso ne a inda mutane suka fi yawa, ba inda abin ya fi yawa ba.

Bayan an tattara, sai a duba ƙananan rukunai. Yankin da masu lasisi uku ne kawai a cikinsa, maƙwabta za su iya ƙirga su da yatsa. Hukumomin ƙididdiga da na lafiya sukan ɓoye duk rukunin da bai kai wani adadi ba, galibi 5 ko 10, ko su haɗe shi da na kusa da shi. Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. Wata masaniyar kimiyyar kwamfuta, Latanya Sweeney, ta yi lissafi da ƙidayar Amurka ta 1990 ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin 100 na jama'ar ƙasar ana iya ware kowannensu da abu uku kacal: lambar yankin gidan waya, jinsi, da cikakkiyar ranar haihuwa. Adireshin gida kuwa ya fi waɗannan ukun kaifi, shi kaɗai ya isa. Wasu sukan ɗan gusar da ɗigon daga ainihin wurinsa da mita ɗari ko ɗari biyu. A cikin gari mai cunkoso hakan na iya aiki, amma a inda gidaje ke nesa da juna, gida ɗaya ne tak a cikin wannan da'irar.

Akwai wani kuskure na fasaha da ake yawan yi a nan. Sai a ɓoye sunaye a fuskar shafi, amma fayil ɗin da shafin ke aika wa burauzar mai karatu, wato manhajar da yake buɗe shafin da ita, yana ɗauke da komai. Duk wanda ya san inda ake duba abin da shafi ya sauko da shi zai kwashe jadawalin gaba ɗaya cikin minti kaɗan. Tattarawar dole a yi ta tun kafin a ɗora komai a intanet, asalin jadawalin kuma ya zauna a kwamfutar da ba ta da alaƙa da shafin. Kafin a yarda da jadawalin ma, a tsamo layi ɗari ba tare da zaɓe ba, a bincika ko mutanen na nan a inda aka ce. Idan goma suka fito ba daidai ba, ka san kana shirin ɗora alama a kan dubban gidajen da ba su ji ba su gani ba.

Sunaye suna da wurinsu. Da jaridar ta gwada jadawalin da bayanan kotu ta gano, misali, wanda aka yanke wa hukuncin dukan iyali amma har yanzu lasisinsa na aiki, to wannan labari ne da ya cancanci suna, bayan an tabbatar kuma an ji ta bakinsa, domin akwai abin da shi ko hukuma suka yi da ya shafi jama'a. Mutum 33,000 ɗin nan babu abin da suka yi illa cike takarda.

Idan mutum ɗaya ne da wayarsa

Wanda ya ɗauki hoton motar da ta goge shi ta gudu, ko fuskar wanda ya yi masa rashin mutunci a layi, ko ƙofar gidan wanda yake zargi, ya saka a Facebook yana cewa ai kowa na iya gani a titi, matakan jaridar nan yake bi a taƙaice. Ya haɗa alama da wuri da lokaci da zargi, ya miƙa wa mutanen da bai san adadinsu ba. Kurakuran ma iri ɗaya ne. Mota tana iya zama ta aro, ko an sayar da ita ba a sauya takardu ba, ko lambar ta jabu ce. Fuska tana kama da fuska. Cikin dubun da za su gani, ɗaya zai ce ya san mai motar, wani ya kawo wurin aikinsa, wani ya kawo makarantar 'ya'yansa, kuma babu ɗayansu da zai ɗauki kansa a matsayin wanda ya fallasa shi.

Hoton da ba a rufe komai ba, hukumar da ke da ikon haɗa lamba da mai ita ake kai wa, tare da rana da lokaci da wurin. Idan kuma ana son jan hankali kan halin ne, kamar ajiye mota a bakin ƙofar asibiti, to halin ake nunawa, a rufe mutumin. A rufe da baƙin akwati mai kauri, ba da dusashewa ko ƙananan murabba'ai ba, domin rubutu gajere mai sanannen fasali kamar lambar mota ana iya dawo da shi ta hanyar gwada haruffa har a dace. Alƙalamin haskaka rubutu na waya ma ba ya rufewa, ƙara hasken hoton kawai ake yi abin ya fito. Bayan an rufe, a ɗauki hoton fuskar wayar a yi amfani da shi maimakon asalin. Dalili biyu ne. Asalin hoto yakan ɗauki ɓoyayyen bayani na inda aka ɗauke shi da lokacin, kuma ko da yake manyan shafukan sada zumunta suna goge shi daga abin da suke nuna wa jama'a, hoton da aka tura a WhatsApp a matsayin fayil yana tafiya da shi. Sannan a 2023 an gano wata matsala a manhajar yanke hoto ta wayoyin Pixel na kamfanin Google da ta kwamfutocin Windows, inda ɓangaren da aka yanke ke maƙalewa a cikin fayil ɗin har a iya dawo da shi. A kuma duba gefen hoton: lambar gida, allon shago, bajon makaranta a rigar yaro, abin da gilashi ya nuno. Doka ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Kotun Tarayyar Turai ta yanke tun 2003 cewa saka bayanan wasu a shafin da kowa zai iya buɗewa ba ya cikin harkar gida da dokar kare bayanai ta yafe, Holan kuma ta mayar da yaɗa bayanan mutum da nufin tsoratar da shi laifi daga 1 ga Janairun 2024.

Yadda aka ƙare a New York

A ranar 15 ga Janairun 2013 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a sabuwar dokar bindiga ta jihar, wadda aka fi sani da SAFE. Yawancinta tsaurara sharuɗɗan mallakar makami ne, amma an saka mata wani sashe saboda wannan taswira. An dakatar da sakin bayanan masu lasisi na kwana 120, aka kuma fito da fom ɗin da mai lasisi zai cike ya nemi a cire shi daga abin da ake bai wa jama'a. Dalilan da aka amince da su sun haɗa da zama ɗan sanda mai ci ko mai ritaya, samun umarnin kariya daga kotu, zama shaida ko mai taya alƙali yanke hukunci a shari'ar laifi, da kuma fargabar tsangwama, wanda kusan kowa zai iya fakewa da shi.

Kwana uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, jaridar ta sauke sunaye da adireshin. Mawallafiyarta, Janet Hasson, ta ce bayanan sun yi kwana 27 a shafin, kuma duk mai son gani ya riga ya gani. Ta faɗi haka ne don nuna cewa aikin ya cika, amma ga wanda ke cikin jerin, ma'anarsa ita ce magana zarar bunu ce: saukewar ta hana sabon mai kallo ne kawai, ba ta taɓa abin da wani ya riga ya kwafa ya ajiye ba, kuma adireshin gida ba abu ne da ake sauyawa kamar lambar sirri ba. Fom ɗin ma gaba yake karewa, ba baya ba.

Asarar ta biyu ta faɗa kan 'yan jarida ne. Rajistar da a da ɗan jarida zai karɓa cikakkiya ya gwada da bayanan kotu, ya gano ko hukuma na barin lasisi a hannun waɗanda bai kamata ba, yanzu duk wanda ya cike fom ya fita daga cikinta, kuma wanda ke da abin ɓoyewa yana cikin waɗanda za su fara cikewa.